Ranar da Matan Ƙofar Guga Suka Share Mani Kango

Ku yaran yanzu da kuke faɗawa kango da waya a hannu, ku danna, ku danna, ku fito kuna cewa kun ɗauki hoto, ku matso ku ji. Ni ce Indo mai hoto. Ku tambaya daga Ƙofar Guga har Ƙofar Durbi, duk mai furfura zai nuna maku gidana. Wasu Indo mai kango za su ce maku, kuma sunan bai taɓa ɓata mani rai ba. Ban yi boko ba. Ko sunana aka rubuta aka aje mani a gaba, kallonshi kawai zan yi. Amma ku kai ni ɗakin da ya daɗe a rufe, in tsaya bakin ƙofa in shaƙi iskarshi, zan gaya maku ta inda haske zai shigo, da lokacin da zai shigo, da azarar da ke jiran kan mutum.

A hannun maigidana na koya, Malam, Allah ya jiƙan shi. Yana da ɗan shagon hoto kusa da tasha, yana ɗaukar fasfo, da 'yan makaranta, da maniyyata. Abu guda ya dame shi: buki ko suna, iyakarshi zaure, alhali masu son hoton na gaske suna can cikin gida da lallensu. Wata rana sai ya aje kyamarar a kan tabarma ya ce, "Indo, ɗauki."

Na ce, "Malam, in ta fashe fa?"

Ya ce, "In ta fashe kin huta da koyo, ni ma na huta da koyarwa."

Lambobin da ke jikin zoben idon kyamara ba na karanta su, shi kuma bai ɓata lokacinshi ba. Jan farcena ya ɗauko ya ɗiga a wuri guda, ya ce wannan na rana ne. Ya ɗiga farin fenti a wani wurin, ya ce wannan na inuwa ne. Daga nan ya haɗa ni da turmi. Turmin tsakar gidanmu na yi ta ɗauka, kyamara ba fim a ciki, da hantsi, da rana tsaka, da la'asar, har kaji suka saba da ni. Yana zaune yana cewa, "Manne gwiwar hannu a haƙarƙari. Riƙe numfashi. Ina inuwar turmin take yanzu? To ɗazu ina take?" Sai da na iya faɗin inda inuwa za ta koma tun ba ta koma ba, sannan ya sa mani fim. Amaryar da na fara ɗauka ta fito a hoto, kai da ƙafafu cif, abin da ba kowane ɗan koyo ke iya faɗa ba.

Kangona na farko wani soro ne a Ƙofar Durbi. Lokacin yanar ido ta fara rufe wa Malam gani. Wani Alhaji, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya zauna Zariya, ya zo shago ya ce soron kakanshi ba zai ga ƙarshen damina ba, yana son hotonshi kafin ya kwanta. Malam ya ce, "Ga Indo nan, ku tahi." Alhajin ya dube ni, ya dubi Malam, ya ga dai ba wasa ake ba. Muka shiga, ciki duhu kamar tulu. Ga rufin ɗaurin guga a sama, aikin magina na da, ga zane a bango, amma ido kawai ke ganinsu da ƙyar. Da filasha zan iya haskawa, sai dai filasha maƙiyiyar zanen bango ce, tana shafe shi ya koma kamar faranti. Na aika gida aka ɗauko mani madubin aurena, babba mai katako. Na tsayar da Alhajin a tsakar gida na danƙa mashi, na ce ya tari rana ya jefo ta ta ƙofa. "Sama kaɗan, Alhaji. Hagu. A'a, hagunka. Tsaya nan, ko ƙuda ya hau maka hanci kada ka motsa." Rana ta shigo ta gefe ta kwanta a kan zanen, kowane layi ya tashi da inuwarshi. Hoton nan shi ya yi mani talla. Alhajin bai bar gidan da bai kai shi ba.

Daga nan masu kango suka san ƙofata. Magada da za a raba wa gida, suna son su gan shi a haɗe karo na ƙarshe. Masu shari'ar fili. Tsofaffin malamai da aka rufe makarantunsu. Nas-nas da suka yi ritaya, suna son ganin ɗakin da suka ƙare ƙuruciyarsu a ciki. Har GRA an kai ni, gidajen Turawa na da da aka bari ba kowa. A wani na tarar kaza ta yi ƙwai a murhun jin ɗumi na falo, maigadin kuma ya shuka kuɓewa a bahon wanka, tana ta 'ya'ya abinta. Ya ce in ɗauki komai ban da kuɓewar. Ita na fara ɗauka, na kuma kawo mashi katin, ya liƙa a ɗakinshi.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne ya taɓa ceton raina ko ceton hotona. Kyamara, da ƙafarta mai ƙafa uku. Madubi. Farin zane, a shimfiɗa a ƙasa ya mayar da haske sama. Tocila. Takalmin danƙo, don ƙusa da kunama ba su san Indo ba. Sai gorata. Gora ita ke shiga gabana, ina bubbuga ƙasa da ita. In ta yi ƙara irin ta ganga, to tsohuwar masai ce ko rijiya a ƙarƙashi, sai in kewaye. A jikin zoben kyamarar kuma akwai ɗigo na uku, baƙi, na kwalli da ƙaro. Wannan ba Malam ya sa shi ba, ni na sa da hannuna. Shi ne na duhu, inda idon kyamara ke buɗewa gaba ɗaya ya jima bai rufe ba. In kana kan wannan ɗigon, ko tari ka yi hoto ya lalace.

Kuma kango ba a faɗa mashi haka nan. Ka fara gaida mai unguwa, ka gaida maigadi in akwai. In ka zo bakin ƙofa ka yi bisimilla, ka yi sallama da ƙarfi, ka jira. Ku kuna dariya, kuna cewa tsohuwa tana gaida aljanu. To ina gaishe su, mi ya rage ni? Amma sallamar nan ita ke tada jemagu su fita tun ban sa kai ba, ita ke sa maciji ya ja jikinshi, ita ke sa wanda ya laɓe yana busa abin da bai kamata ba ya tsallake katanga da mutuncinshi. Ka dubi sama kafin ka dubi ƙasa. Ranar farko kada ka ɗauki komai, ka je ka ga yadda rana ke yawo a wurin, ka dawo. Babbar doka kuwa, wadda Malam ya kafa mani, ita ce: kada ka ɗauke komai, kada ka ƙara komai. Yadda ka tarar da wuri, haka za ka ɗauke shi, haka za ka bar shi.

Mugunyar shekara ita ce ta ƙarshen mulkin soja. Ba man fetur, ba wuta, fim ya yi wuyar gani. Hoto mai kala kuma a lokacin Kano nake aikawa a wanko. Na ɗauki wani gidan malamai na da, mai soraye a jere, na ba direba fim ɗin. Can wurin wankin wuta ta ɗauke fim yana cikin inji, ya dahu, ya dawo mani baƙi ƙirin. Na ce ba komai, in na samu wani fim zan koma. Kafin in samu aka yi ruwa mai iska, gidan ya zube. Magadan suka zo, ban da abin da zan miƙa masu. Shekarar nan har ƙosai na soya a ƙofar gida, kyamara na naɗe cikin zane a ƙasan akwati. Tun daga nan ban ƙara ba kowa fim ɗina ba. Ni ke shiga mota in kai shi, in zauna a kan benci in sa wa injin ido har ya haifo.

To sai Allah ya kawo farar hula. Soja suka koma bariki, gari ya cika da fasta, kowa ka gani ɗan siyasa ne. A daminar farko ta mulkin ne aikin da nake son ba ku labari ya zo.

Akwai wani ɗan asibitin haihuwa a bayan unguwarmu, ta wajen Ƙofar Guga. Ɗakuna ne kaɗan da baranda. An rufe shi tun da daɗewa, da iska ta yaye wani sashe na kwanon rufin ba a gyara ba. Tun daga nan mace in naƙuda ta yi gardama sai a ɗora ta bayan kabu-kabu zuwa babban asibiti, wata ta kai, wata ta haihu a hanya. Ga kuma wani mai kuɗi da ya ƙyalla ido a kan filin, yana son ya rushe ya jera shaguna. Magana ta yi nisa, har an ga mutanenshi suna awo da igiya.

Sabon kansilanmu, Lawal, shi ya yi sallama a gidana, tare da Inna Kulu. Inna Kulu tsohuwar ungozoma ce, ta yi aiki a asibitin tun yana sabo, kuma ita ta yanke cibiyar shi kansilan a ɗakin nan, shi ya sa duk babbar rigarshi Lawali take ce mashi. Bayan mun gaisa, an tambayi gida da yara da ruwa, ya ce, "Gwaggo Indo, gwamnati ta kafa kwamiti, za a zaɓi wuraren da suka lalace a gyara. Kowace mazaɓa za ta kawo hoto. In namu ya shiga, asibiti ya tsira. In bai shiga ba, kafin kaka shaguna za ki gani a wurin. Ina son hoton da in sun gani za su ce innalillahi."

Na ce, "In akwai innalillahi a wurin, zan ɗauko maka ita."

Na je dubawa, yadda na saba. Jama'a, na shiga kango da yawa, amma ban taɓa ganin wanda ya shirya wa kyamara kamar wannan ba. Gadajen ƙarfe sun yi tsatsa ja wur. Kashin awaki da na jemagu ya kai idon sawu. Ceɗiya ta tsiro a tsagar bango ta leƙo ta taga kamar mai jiran haƙuri. A cikin sikelin awon jarirai kurciya ta yi sheƙa, har da ƙwai. Rana kuma na saukowa ta hujojin rufi, sanda-sanda, tana sauka daidai kan gadon haihuwa. Na tsaya ina ta murmushi ni kaɗai. Fim guda gare ni, mai kyau, na ɓoye shi don irin wannan rana. Da na fito na biya na ce wa Inna Kulu, "Inna, jibi da hantsi zan zo in ɗauka." Ta ce Allah ya kai mu. Wa zai yi tunanin sai ya ce wa mutane kada su taɓa kango? Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa shi.

Ranar na saɓo kayana na nufi wurin. Tun daga nesa na ji ƙamshin turaren wuta. Na ce halan wani gida ake buki. Na sha kwana, sai na tsaya cak. Na ɗauka ɓatan hanya na yi.

Bango fari tas, an shafe shi da farar ƙasa har inda hannu ke kaiwa. Baranda an yi mata sabon daɓe. Ciki an share, an wanke, ko tsinke babu. Gadajen an goge su da toka da yashi, an shimfiɗa masu zannuwan gado masu fulawa, har da matasan kai. A kusurwa an yi jere, fanteka kan fanteka, samira kan samira, kamar ɗakin amaryar attajiri. Ceɗiyata an sare ta. Sikeli yana ƙyalli, ba kurciya ba ƙwai. Ga matan unguwa cike da baranda, kowa ta ci ado, ga lalle ga kwalli ga gwaggwaro. Suna ganina aka rangaɗa guɗa.

Tasalla mai fura ce a gaba, ƙawata tun muna 'yan mata, bakinta ya fi ludayinta aiki. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Indo, yaya kika gani? Tun jiya da asuba muke abu guda. Ko gidan gwamna albarka!"

Na aje ƙafar kyamara a hankali, don kada in jefe ta da ita. Na ce, "Tasalla, ina kangona?"

"Wane kango?"

"Wanda na bari shekaranjiya. Ina kashin awakin? Ina tsatsar? Ina kurciyata?"

Ta ce, "Ji mani mata! Kurciya ta ƙara gaba, ƙwanta kuma mun maida mata saman katanga. Ke yanzu so kike a kwashi ƙazantarmu a kai GRA, maza su zauna kan kujera suna miƙa wa juna, suna cewa ga matan Ƙofar Guga? Wallahi ba da ni ba. Ke da kanki, kin taɓa ɗaukar ɗakin mace ba ta share ba?"

Gaskiyarta, ban taɓa ba. Mace a garin nan in ta ji mai hoto na zuwa, ko tana kwance ba lafiya sai ta tashi ta gyara gado.

Inna Kulu ta dogaro sandarta ta ce, "Indo, ɗiyata, rabin unguwar nan a ɗakin nan na yanke masu cibi. Ban taɓa barin ya kwana da datti ba. Sai yau da za a ɗauke shi hoto, duniya ta gani, zan bar shi da kashin jemage?"

Ana haka sai ga kansila. Ya leƙa ɗaki, ya fito, ya cire hula ya riƙe kai. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Tasalla ta ce, "Ka ga, ai ga innalillahin da kake nema ka samu."

Ya ce, "Inna, kun kashe ni! In na kai hoton wannan wuri za su ce mi ya same shi? Ya fi ofishina kyau! Za su ce mu je mu ci gaba da haihuwa."

Nan ne fa matan suka gane abin da suka yi. Wata ta ce to a maido da sharar mana. Tasalla ta ce, "Wace shara? Taki ne fa, mai kyau. Tun jiya masu jakai suka kwashe, yanzu haka yana gindin gero." Wata ta ce a koro awakin unguwa a rufe su ciki su kwana. Wata ta ce a watsa wa bangon jar ƙasa. Kansila har ya fara gyaɗa kai.

Na ce, "Ba da kyamarata ba. Ban taɓa ɗauke komai a kango ba, ban taɓa ƙara komai ba. Awakin haya ba za su shiga fim ɗina ba. Yadda na tarar da shi yau, haka zan ɗauke shi."

Kansila ya ce, "Gwaggo, kwamitin nan ba zai jira mu ba."

Na ce, "Lawal, yi mani shiru in duba."

Na shiga tsakiyar ɗakin na yi abin da na saba, na dubi sama. Tsintsiya ba ta kai can ba. Silin ya zazzago, katakai sun ruɓe, kwanon rufi huji ko'ina, wani wurin ma sararin Allah kake gani. Amma in na ɗauki rufin shi kaɗai, rufi ne kawai, na kowa ma haka yake, ana iya cewa na garejin wani ne. Ina son abin da zai haɗa saman nan da ƙasan nan a kati guda. Na fita baranda na dubi gabas. Can ƙasa-ƙasa akwai ɗan baƙin hadari, iska kuma ta tsaya cik, zufa na karyo wa kowa.

Na ce, "Kowa ta zauna. Ba mai tahiya gida, ba mai cire ado. Ruwa za mu jira."

Tasalla ta ce, "Yau kuma mai hoto ta koma mai duba?"

Na ce, "Ke dai dama mana fura."

Muka zauna. Aka sha fura, aka yi azahar, aka yi hira. Kowace mace ta nuna gadon da ta haihu a kai, da wanda ta ciji nas a kai. Inna Kulu ta ba da labarin yadda kansila ya fito duniya yana tsala ihu, ta ce tun ranar ta san siyasa zai yi. Shi kuma yana ta kai da kawo a waje, yana duban sama yana duban agogo. Ni dai na kafa ƙafar kyamara a kusurwar da ba huji, na daidaita ta yadda za ta kwaso tun daga daɓe har rufi, na murza zobe zuwa baƙin ɗigona, na lulluɓe ta da mayafi.

Wajen la'asar iska ta taso, gari ya rufe. Sai ruwa ya ɓalle.

Ban ce wa kowa ta yi komai ba, Allah ne shaidata. Ruwa na fara zubowa ta hujojin nan, matan suka zabura don ceton aikinsu. Aka wargaza jere. Wannan ta tara fanteka, waccan ta tara samira, wata ta ɗora tasa a ka. Farar ƙasa ta fara narkewa tana gangarowa bango kamar nono. Tasalla, da gwaggwaronta ya jiƙe ya kwanta mata a goshi, tana rungume da matasan kai tana zagin rufin. Inna Kulu kuwa ta buɗe tsohuwar lemarta, ba kanta ta rufe ba, gadon haihuwa ta rufe, ita tana tsaye ruwa na dukanta.

Na yaye mayafi na daka tsawa: "Kowa ta tsaya yadda take! Kada wadda ta motsa! Tasalla, rufe bakinki!"

Ta ce, "Ruwa na shiga mani wuya!"

"Bar shi ya shiga. Ku riƙe numfashi!"

Na riƙe nawa, na danna. Idon kyamara ya buɗe, ya jima, ya rufe. Na murza, na sake. Na canza kusurwa, na sake. Tsakanin kowace dannawa sai ɗakin ya fashe da dariya, in sake daka tsawa, a sake sandarewa. Haka har fim ya ƙare. Muka fito jagab, kwalli ya zubo wa kowa har haɓa, ana ta tafawa.

Washegari na shiga motar Kano da fim ɗin a ƙulle a bakin zanena. Na zauna a bencin nan na sa wa injin ido, ina ta salati kada wuta ta ɗauke. Ba ta ɗauke ba. Da katin ya fito, mai wankin ya riƙe shi ya ƙi miƙo mani. Ruwan ya fito kamar fararen zaruruwa, daga rufi har cikin fanteka. Ga gadaje a gyare, ga bango fari yana hawaye, ga mata cikin ado kowa da abin tara ruwa, ga tsohuwa a tsakiya ta rufe gado da lema. Ya ce, "Hajiya, wa ya ɗauki wannan?" Na ce, "Wadda ke zaune gabanka. Miƙo."

Kansila ya kai. Da yamma ya dawo, tun daga zaure muka ji muryarshi, Inna Kulu da Tasalla suna wurina. Ya ce hotuna sun cika teburi, na kowace mazaɓa, duk iri ɗaya: shara, tsatsa, awaki, har ba a gane na wane da na wane. Shugaban kwamitin, wani dattijo, yana ta turewa gefe, sai ya zo kan namu ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Wa ya gyara gadajen nan?" Kansila ya ce, "Matan unguwa ne, ranka ya daɗe." Ya ce, "Wannan tsohuwar fa, mi take rufewa?" Kansila ya ce, "Gadon haihuwa. A kanshi aka haife ni." Dattijon ya ce wurin da ake yi wa shara haka ba kango ba ne, rufi kawai ya rasa, a sa shi a gaba.

Tasalla ta miƙe ta yi juyi a tsakar gidana ta ce, "To Indo, wa ya ceci asibiti, kyamararki ko tsintsiyata?"

Na ce, "Ruwan Allah. Ke dai kin kore mani kurciya."

Kafin damina ta zagayo an yi sabon rufi, an kawo nas biyu, mai shaguna ya naɗe igiyarshi ya nemi wani wurin. Ranar da za a buɗe, aka aiko in zo in ɗauka. Ina cikin goge idon kyamara sai ga Tasalla ta leƙo ɗakina, tsintsiya a hannu, ta maƙale murya kamar wata salihar baiwar Allah.

Ta ce, "Ranki ya daɗe mai kango, an aiko ni in tambaya. Yau mu share, ko kada mu share?"

Na ce, "Yau ku share."